Baba Yana Rage Kaya a Hanyar Oregon

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe 6 na yamma, Marysville

Likita ce ta ce in riƙa rubuta yadda Baba yake wuni, abin da ya ci, da lokacin da kansa ke juyawa. To ga shi: ya ci ƙwai biyu, ya sha kofi uku, kansa garau. Sauran shafin nawa ne.

Gobe za mu kama hanya. Baba, Orval Pruitt, mai shekara tamanin da uku, ya ɗauka yawon bin tsohuwar hanyar Oregon, wadda masu ƙaura suka bi da keken shanu a zamanin da, za mu je mu dawo, kamar yadda ya saba kowace bazara tun ina sa ɗan kamfai. Ba za mu dawo tare ba. Ranar Juma'a 20 ga wata akwai ɗaki da ke jiransa a gidan kula da tsofaffi a Baker City, can jihar Oregon, kusa da gidan ƙanena Dwight. Dwight ne ya shirya komai ta waya, ni kuma aka ba ni tuƙi da ƙarya. Ya ce, "Yaya, don Allah kada ki gaya masa. Bari ya ji daɗin tafiyar." Ba ya ce mini Yaya sai yana son a yi masa aikin da ba zai iya da hannunsa ba.

Shekara tara ina wanke wa tsohon nan kaya ina yanke masa farce. Dwight yana aiko kati lokacin Kirsimeti. Amma shi ne mai shawara, don shi aka ba takardar wakilci. Na ce to ina kwance a asibiti da karyayyen hannu, allura na aiki a jikina, shi ke nan aka riƙe ni da ita.

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe 7 na safe

Baba ya hana ni taɓa bayan a-kori-kurar, shi ya loda da kansa. Na leƙa ƙarƙashin tamfol. Kaskon ƙarfen Mama, agogon bango, kujerarsa mai lilo, akwatin taswirori, fararen turakun da yake kafawa a gefen tsohuwar hanya. Na ce, "Baba, yawo za mu ko ƙaura?" Ya ce, "Ki kula da sitiyari, Retta, ni in kula da kaya." Da hannu ɗaya da rabi zan kula da shi, na hagun yana cikin filasta har yanzu.

Laraba, 4 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma, Fort Kearny

Iska da ciyawa da katangar itace ta tsohon sansanin soja da aka sake kafawa. Na zo nan ya fi sau goma sha biyar, ban taɓa ganin abin da Baba yake gani ba. Ya tsaya a maƙerar sansanin ya tare wani mutum mai mata da 'ya'ya uku, ya yi musu bayanin yadda ake sa wa shanu takalmin ƙarfe, su ko shanun ba su tambaya ba. Matar ta dubi hannuna ta ce me ya same ni. Na ce faɗuwa na yi a matakalar bayan gida. Na faɗi wannan magana sau da yawa har ta fara yi mini kama da gaskiya.

Da muka dawo mota babu agogon bango. Ya ba mai kula da wurin ajiye motoci. Agogon da kakata ta zo da shi gidan aure. Na ce don me? Ya ce, "Nauyi gare shi." Mota ce fa mai inji, ba jaki ba.

Alhamis, 5 ga Yuni, ƙarfe 8 na safe

Dwight ya turo hoton ɗakin. Labule ruwan ƙasa, taga na kallon wurin ajiye shara. Ya rubuta, "Ya yi kyau ko?" Na kife wayar.

Juma'a, 6 ga Yuni, ƙarfe 5 na yamma, bayan mun baro Ash Hollow

Ya tashe ni tun kafin rana ta fito, don sawun amalanke ba ya nuna kansa sai hasken ya zo a kwance. Aikinsa ke nan shekara arba'in, tun da ya bar tuƙin motar gyaran hanya: ya bi gonaki da makiyaya, ya gano inda keken shanun masu ƙaura suka ci ƙasa, ya kafa farin turke. Ni ciyawa kawai nake gani. Shi sai ya durƙusa ya ce, "Ga ɗaya, ga biyu, nan suka rabu don gudun ƙura." Mutumin da jiya ya sa man goge haƙori a gemu.

Mun hau tudun da suke saukar da amalanke da igiya. Bai tsaya hutu ba ko sau ɗaya, ni ce nake haki. A sama na buɗe baki zan gaya masa. Na ce, "Baba, akwai maganar da…" Ya ce, "Dubi can, kin ga inda ruwa ya zaizaye sawun?" Na duba. Maganar ta koma ciki.

Kaskon Mama ya tafi. Ya ajiye wa matar da ta dafa mana abincin rana a wani ɗan shago, a kan tebur, kamar tukwici. Sai da muka yi mil talatin na gane. Na taka birki na ce sai mun koma. Ya ce, "Yaushe rabonki da soya wani abu a cikinsa? Ba kya ma iya ɗaga shi." Ya dubi hannuna, ya kau da kai. Ban koma ba. Na yi ta zagin manyan motoci har Bridgeport.

Asabar, 7 ga Yuni, tsakar rana

Chimney Rock. Dutse ne. Yana nan inda muka bar shi bara.

Lahadi, 8 ga Yuni, ƙarfe 3 na rana, Scottsbluff

Mun shiga wata majami'a don Baba ba ya tsallake Lahadi. Ya rera waƙoƙin duka ba littafi. Ni na zauna ina lissafin kwanaki, saura sha biyu. Fasto ya yi wa'azi a kan gaskiya, kamar wani ya tsegunta masa.

Charlene, matar Dwight, ta kira wai tana so ta san girman wandon Baba don ta rubuta sunansa a kayan sawa. Na ce ta tambayi mijinta, ai shi ne ɗan. Ta ce, "Haba Yaya Retta, mu ma fa abin yana damunmu." Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri," na kashe.

Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe 6 na yamma, Fort Laramie

Jiya ban rubuta komai ba, ba abin da zan faɗa wanda zan so in sake karantawa.

Yau ranarsa ce. Ma'aikatan nan sun san shi, wata mai sanye da doguwar rigar mutanen da ta fito daga gidan burodin sojoji ta rungume shi tana "Baba Pruitt, ashe kana nan." Ya zauna a barandar tsohon barikin, mutane suka kewaye shi. Ya ba su labarin da na haddace: yadda masu ƙaura ke isowa nan shanunsu sun rame, su fara zubar da kaya a bakin hanya, murhun ƙarfe, akwatin littattafai, gadon aure, buhunan abinci. Ya ce, "Wanda ya ƙi rage kaya a nan, shanunsa ne suka biya a kan dutse." Suka yi ta gyaɗa kai.

Kujerar lilon tana barandar wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya da muka haɗu da shi a wurin shan mai. A cikin kujerar nan Mama ta shayar da ni. Na ce, "Baba, idan mun koma gida a kan me za ka zauna?" Ni na faɗi haka, da bakina, ina sane. Ya ce, "A ƙasa mana, ta ishi kowa." Ya zaro ɗan katin da yake ajiyewa a aljihun riga ya karanta ya mayar. Kullum sai ya karanta shi, na magungunansa ne ina jin.

Na tsani kaina yau fiye da yadda na tsani Dwight, kuma ba ƙaramin abu ba ne wannan.

Laraba, 11 ga Yuni, ƙarfe 10 na safe, Guernsey

Nan ko makaho ya ga sawun, ƙafafun amalanke sun ci dutse har ƙirjina. Baba ya shiga ciki ya dafa bangon da tafin hannu.

Ina gyara tamfol na ga gudumar. Gudumar kafa turaku mai jan ƙota. Na sa ta a saman kabad ɗin kicin a bayan tukwane tun ƙarshen Afrilu, inda na tabbata ba zai kai ba. Tana nan kwance a ƙarƙashin akwatin taswirori. Na mayar da tamfol na zauna a mota na kulle ƙofa, ni kaɗai, da rana tsaka, kamar wata sakarya.

Alhamis, 12 ga Yuni, ƙarfe 5 da rabi na yamma, Casper

Ina rubutu a kan matakalar masauki. Makullin ɗakin yana hannuna, shi yana ciki.

Ƙarfe 6 da kwata

Don likita: ya fara ƙarfe biyar saura kaɗan. Na fito daga wanka ya ce, "Baiwar Allah, me kike yi a ɗakina?" Na ce ni ce Retta. Ya ce Retta tana makaranta. Ya miƙe tsaye. Ban jira ba, na fita. Minti arba'in. Da na buɗe yana zaune a bakin gado yana neman tabarau, ya ce, "Ina kika shiga, ga yunwa ina ji." Mun ci gasasshen nama da dankali. Ya cinye nasa ya taɓa nawa.

Ba don likita ba: bai taɓa ni ba. A rubuta wannan, bai ko matso ba. Ni ce na gudu. Kuma minti arba'in a wuni guda ba dalili ba ne na kai mutum inda taga ke kallon shara. Sauran sa'o'in fa, na wane ne?

Juma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe 1 na rana, Independence Rock

Ya so hawa dutsen, na hana, ya hau. Daga sama ya nuna mini sunayen da aka sassaƙa, wasu sun kusa shafewa. Ya ce da yawansu ba su kai Oregon ba. Na ce, "To me ya fito da su daga gidajensu? Wa ya kore su?" Ya ce, "Wasu yunwa, wasu kwaɗayi. Wasu kuma sun ga zamansu yana cutar na gida." Na ce ban taɓa jin wannan a littafi ba. Ya ce ba komai ake sawa a littafi ba.

Turakun sun tafi. Ya ba wasu mata biyu 'yan ƙungiyarsu ta masu alamta hanya da muka tarar suna cin abinci a inuwar mota. Waɗannan ban yi faɗa a kansu ba, dama suna ƙwanƙwasa mini kai duk hanya.

Asabar, 14 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma, South Pass

Ba komai a nan sai iska da gajerun itatuwa masu ƙamshi, sai wasu duwatsun alama biyu. Nan ne ruwa yake rabuwa, wani gabas wani yamma, Baba ya faɗa mini sau ɗari. Na riƙe masa hannun riga na ce, "Baba, tsaya ka saurare ni, game da Baker City ne." Ya ce, "Ba a yin magana mai nauyi a kan tudu, iska za ta kwashe. Bari sai mun kai kogi." Na ce wane kogi? Ya ce, "Snake mana, ke ma kamar baƙuwa." Ya wuce ya bar ni da baki buɗe.

Wani lokaci ina ji kamar in girgiza shi. Tsoho ne, ba shi da lafiya, ubana ne, kuma ina ji kamar in girgiza shi har haƙoransa su yi ƙara.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe 7 na yamma, Fort Bridger

Saura biyar.

Litinin, 16 ga Yuni, ƙarfe 2 na rana, Soda Springs

Na kira Dwight daga bayan shagon wanki. Na ce na fasa, gobe zan juya da shi gida, ya kai ni kotu in yana so. Ya ce, "Yaya, hannunki fa." Na ce hannuna nawa ne. Ya ce, "Inci biyu ne tsakanin hannun nan da kanki, likita ce ta faɗa, ba ni ba." Na ce masa abin da ba zan rubuta ba, har da na ranar jana'izar Mama da ya iso bayan an rufe kabari. Ya ce, "Na ji. Amma ki kai shi kogin tukuna, roƙonki nake." Kowa kogi, kogi. Na kashe wayar na jefa ta cikin kwandon wanki.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe 9 na safe

Na juya. Na fito daga masauki na karya dama maimakon hagu, na nufi gida. Ba mu yi mil biyu ba ya sauke abin tare rana ya ce, "Retta, rana tana idona." Na ce hanyar ce ta lanƙwasa. Ya ce, "Da safe rana tana ƙeyar mai zuwa Oregon. Juya motar nan." Na ce gida za mu, na gaji. Ya ce, "Ni ban gaji ba. Kin yi mini alkawarin kai ni kogi, mashigin Three Island." Ban yi ba. Amma ya kama ƙofar mota yana neman buɗewa muna cikin gudu, dole na tsaya.

Na juya. Wannan karon yamma. Ina rubutu a wurin shan mai, shi yana ciki yana zaɓen alewa kamar ba abin da ya faru.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe 5 na yamma, Glenns Ferry

Zan rubuta shi yadda ya faru, don in na bari sai gobe zan gyara.

Mun isa bakin kogin da hantsi, inda amalanke ke tsallakawa ta tsibirai uku. Ya ce in ɗauko masa gudumar. Na tsaya. Ya ce, "Ɗauko, na san kin gan ta tun Guernsey." Na kawo na miƙa masa ta ƙota, na ja da baya taku biyu, ya ga na ja. Ya juya ta a hannu, ya wurga ta ruwa. Ba ta yi nisa ba, ƙarfinsa ya ragu, amma ta nutse.

Ya ce, "Ba faɗuwa kika yi ba."

Na ce faɗuwa na yi.

Ya ce, "Matakalar bayan gida taka uku ce, kuma tukwanen furenki suna jere a kanta, ko ɗaya bai goce ba. Gudumata ta bar ƙusar da nake rataye ta, ta koma saman kabad. A jikin ƙofar kicin akwai sabon rami daidai tsayin kunnenki. Kin daina juya mini baya in kina wanke-wanke. Shekara arba'in ina karanta sawun da ya shekara ɗari da saba'in a cikin ciyawa, kina ganin zan kasa karanta na kwana biyu a kicin ɗina?"

Na ce bai san abin da yake yi ba a lokacin.

Ya ce, "Har yanzu ban tuna ba. Shi ya sa."

Ya zaro katin aljihunsa ya ba ni. Ba magunguna ba ne. Rubutunsa ne, manyan baƙaƙe: NI NA NEMI ƊAKIN. NI NA KIRA DWIGHT. KADA RETTA TA SANI SAI A KOGI. Ya ce yana karantawa kowace safiya don kada wata rana ya tashi ya ɗauka sace shi aka yi.

Na ce, "Wato mako biyu ina cin wuta a cikina, ina ganin kaina maciyar amana, kai kana sane?"

Ya ce, "Da kin san ni ne, da tun Marysville kike mini gardama har nan. Da ban ga komai ba sai bakinki. Na ce wa Dwight ya ɗauki laifin, ai ya saba da fushinki."

Ban taɓa ɗaga wa ubana murya irin ta yau ba. Na ce shi da ɗansa sun mayar da ni direba, sun mayar da ni abin wasa. Na ce kaskon uwata da kujerar uwata ba nasa ba ne shi kaɗai da zai rabar a titi. Na ce wa ya tambaye ni ko na gaji? Wa ya ce ina son a cece ni? Hannuna ne, kaina ne, in na ga dama in ajiye su a gaban guduma, ruwan wa? Wasu masu kamun kifi suka tattara kayansu suka matsa gaba.

Ya bar ni na gama. Ya ce, "Ruwana ne, tunda ni ke riƙe da ita." Sannan ya ce yana jin yunwa.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe 8 na safe

Ban yi masa magana ba tun jiya. Na ba shi magani, na ɗaure masa takalmi.

Ƙarfe 3 na rana, Ontario

Dwight ya kira sau huɗu. Ya ci gaba da kira.

Akwatin taswirorin ne kaɗai ya rage a baya, yana ta zamewa a kowace kwana. Na karya shirun na ce wa za a ba wannan kuma? Ya ce, "Wannan naki ne." Na ce ba na so, ban iya karanta su ba. Ya ce, "To ki kunna murhu da su."

Juma'a, 20 ga Yuni, ƙarfe 11 da rabi na safe, Baker City

Ɗakin ya fi hoton, amma ba da yawa ba. Dwight ya yi furfura, ban sani ba. Ya zo zai rungume ni na miƙa masa jakar Baba. Charlene ta jera wandunan da ta rubuta wa suna, duk sun yi masa yawa.

Na riga na kama ɗaki na mako biyu a gari don in zauna har ya saba. Baba ya ji ina gaya wa ma'aikaciyar. Ya kira ni gefe ya ce, "Yau za ki tafi, kafin tsakar rana." Na ce ba inda za ni. Ya ce, "Mutanen hanyar nan in sun binne nasu da safe, kafin rana ta take sun ɗaura wa shanu karkiya. Ba don ba sa so ba. In suka zauna, ciyawa ta ƙare, sanyi ya tarar da su a kan dutse." Na ce shi ba matacce ba ne, ni kuma ba saniya ba. Ya ce, "Shekararki hamsin da takwas, Retta. Tara na cinye miki. Tafi."

Bai rungume ni ba. Ya dafa filastar hannuna da yatsa biyu, ya juya yana tambayar ma'aikaciyar ina ake shan kofi.

Ina mota. Na tayar da inji. Tsohon banza mai taurin kai.

Ƙarfe 7 na yamma

Na yi mil ɗari da arba'in na dawo. Ba shi zai gaya mini ranar da zan tafi ba, ya gama ba ni umarni.

Na iso biyar ta wuce. Ma'aikaciyar ta ce kansa ya ɗan juya, ko zan bari sai da safe? Na ce a'a. Yana zaune a falo kusa da taga, hularsa a gwiwa. Na ja kujera na zauna nesa kaɗan. Ya dube ni da ladabi irin wanda yake yi wa baƙi.

Ya ce, "Baiwar Allah, a nan kike aiki?"

Na ce e.

Ya ce, "'Yata ce ta kawo ni, doguwa, mai ciwon hannu. Na ce ta tafi kafin tsakar rana. Ko kin ga ta tafi?"

Na ce, "Ta tafi."

"Kin tabbata? Ba ta jin magana."

"Da idona na ga motar ta fita."

Ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka sauka. Ya ce, "Ta yi kuka?"

Na ce, "A'a. Faɗa ta yi ta yi har bakin ƙofa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To lafiyarta ƙalau."

Aka kawo abinci. Ya kasa yanka naman, na matso na yanka masa da hannu ɗaya da rabi, ya yi mini godiya sau biyu. Ya tambayi sunana, na ce masa Loretta. Ya ce suna mai daɗi, ya ci gaba da cin abincinsa.